Rediyon da Ba Ya Magana Sai Ya Ga Sama

Duk wanda ya taɓa barin Kano ya ƙetare gadar Wudil ya nufi Gaya, sannan ya ratse zuwa Balan ko ya miƙe zuwa ƙauyukan Ajingi, ya san matsayin babur a wannan yanki. Shi ke kai buhun taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke dawo da ɗan kasuwa gida bayan magariba. A jikin baburan da yawa kuma akwai wani fasinja da ba ya biyan ko sisi: ƙaramin rediyo, ko a rataye a wuya, ko a ɗaure da roba a kan babur, ko a cikin wayar da ke aljihu. Idan lokacin labarai ya yi, sai ka ga mutum ya gangara gefen hanya, ya kashe inji a gindin darbejiya, ya zare eriya.

A Amurka akwai wani mai babur na dabam. Nasa na doguwar tafiya ne, irin su Harley-Davidson ko Honda Gold Wing, masu nauyin da ya kusa kilo 400, da akwatunan kaya da kujera mai majingina. Yakan yi kwanaki yana ratsa jiha bayan jiha don nishaɗi kawai, kuma yana biyan kuɗi duk wata domin rediyon da ke zuwa masa kai tsaye daga tauraron ɗan adam. Tun da aka fara saka wannan rediyo a babura kokensa bai sauya ba: ana cikin waƙa sai ta ɗauke, ya sha kwana ta dawo, ya shiga kurmi ta sake ɗaukewa.

Mutanen nan biyu ba su san juna ba, amma tarihi ya haɗa su. Kafin mahayin Amurka ya ji sautin farko daga sama, an riga an rataye tauraron rediyo a saman Afirka, kuma mutumin Balan na cikin waɗanda aka ce dominsu aka yi shi. Abin da ya hana wannan tauraro shiga kunnensa ya cancanci a sake dubawa, musamman yanzu da hanyoyin da labari ke bi zuwa karkara suka fara tsukewa.

Sai mun fara daga tsohon rediyo. A 1944 aka kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a birnin Kano, ana turo musu shirye-shirye ta waya. Wannan rediyo ne mai gindi ɗaya: mai son ji shi ke zuwa inda yake. Abin da ya kwance shi daga bango shi ne ƙaramin rediyo mai batir da ya bazu bayan shekarun 1950, daidai lokacin da tashoshin Hausa ke yawaita. BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris na 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Akwatin ya hau keke, ya shiga gona, ya bi Fulani mashekari. Daga baya ya hau babur.

Dalilin da ya sa ya iya wannan yawo yana cikin lambobin da mai gabatarwa ke jerowa a farkon shiri, mita 16, mita 19, mita 25, waɗanda muka haddace ba mu tambayi ma'anarsu ba. Saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma waɗannan mitoci tsawon kowace igiya ne daga wannan tudu zuwa na gaba. Igiyoyin gajeren zango suna da wata baiwa: idan aka harba su sama, sukan ci karo da wani rufi na iska mai cajin lantarki da ke can nesa da ƙasa, su lanƙwaso su sauka dubban kilomitoci daga inda suka tashi. Masana biyu, Kennelly da Heaviside, sun yi hasashen wannan rufi a 1902, Edward Appleton kuma ya tabbatar da shi a 1924. Igiya mai tsawon mita 25 ba ta damu da bishiya ba, balle mutum. Kewaye su take yi ta wuce. Shi ya sa ake kama Landan a cikin ɗakin soro, ƙofa a rufe.

Ba a ce babu aibu ba. Gajeren zango yana shuu, yana dusashewa yana dawowa, kuma tartsatsin fulogi yana shiga cikinsa, wanda shi ne ɗaya daga cikin dalilan da ke sa mai babur kashe inji kafin ya saurara. Amma aibunsa mai mutunci ne. Idan sigina ta yi rauni, murya takan yi nisa ne kawai, kunnen da ya saba kuma yana tsamo ma'ana daga cikin hayaniyar. Da babu gara ba daɗi.

Wannan shuu ɗin ne wani lauya haifaffen Habasha, Noah Samara, ya ƙudura kawarwa. A 1990 ya kafa kamfanin WorldSpace a birnin Washington. Hujjarsa, kamar yadda ya sha faɗa, ita ce cutar ƙanjamau tana cin Afirka ne da taimakon rashin sani, kuma nahiyar ba za ta jira a kafa tashoshi a kowane lungu ba. Maganin da ya gani shi ne tauraro guda da zai yi wa nahiyar duka magana da murya tangaram. Tunanin ya samo tushe daga abin da Arthur C. Clarke ya bayyana a 1945: idan aka ajiye tauraro a tsayin kilomita 35,786 daidai saman layin da ya raba duniya biyu, zai riƙa zagayawa da saurin juyawar ƙasa, ya zama kamar an kafe shi wuri ɗaya a sararin sama.

Ranar 28 ga Oktoba, 1998, roka ƙirar Ariane ta tashi daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa da ke Kudancin Amurka, ɗauke da tauraron AfriStar. Aka girke shi a digiri 21 gabas. Bayan shekara guda aka fara watsa shirye-shirye, da tashoshi masu yawa na labarai da kiɗa, ciki har da BBC da CNN da Rediyon Faransa. Kamfanonin Japan huɗu, Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo, suka ƙera akwatunan farko. Kowane akwati yana da eriya mai faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan, wadda ake cirewa a ajiye a taga ko a kan katanga, a juya fuskarta wajen tauraron.

A nan ne sabon rediyon ya saɓa wa tsohon. Tsawon igiyar AfriStar wajen santimita 20 ne kacal, wato kusan taƙi ɗaya. Igiya mai wannan gajarta ɗabi'ar haske gare ta: a miƙe take tafiya, abin da ya tare ta kuma ya yi mata inuwa. Ga shi ta yi tafiyar kusan kilomita dubu 36 kafin ta iso, ta riga ta galabaita, ba ta da ƙarfin ratsa rufin kwano ko bangon ƙasa. Jiƙaƙƙen ganye yana shanye ta. Jikin mutum ma, da yake mafi yawansa ruwa ne, katanga ne a wajenta. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wannan rediyo gani ne ke kawo ji: idan eriya ba ta ga tauraro ba, babu magana. Kuma da yake saƙon na dijital ne, ba ya dusashewa sannu a hankali. Ko dai tangaram, ko dai shiru.

Abin mamaki, a cikin duk waɗanda za su iya kuka da wannan sharaɗi, mutumin Balan ne mai ƙaramin dalili. Lissafin ba shi da wuya. Ƙasar Gaya tana kusan digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, da kusan digiri 9 gabas. Daga nan, mai neman AfriStar zai fuskanci kudu maso gabas ya ɗaga kai kimanin digiri 70, kusan tsakar ka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dogayen benaye, babu kwazazzabo mai zurfi tsakanin duwatsu. Bishiyoyin gona, kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, a warwatse suke, kuma tauraron da ke sama haka bishiya ba ta tare shi sai ka shiga ƙarƙashinta. Da sararin sama ne kaɗai ke yanke hukunci, da gabashin Kano na cikin wuraren da wannan fasaha za ta fi jin daɗin zama a duniya.

Amma ba sama ce ta yanke ba, aljihu ne. Kuɗin akwatunan farko ya haura dala 200. A shekarar 2000 dala tana kusan naira 100, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha kuma naira 5,500 ne. Wato akwati ɗaya ya kusa cinye albashin wata 4, a ƙasar da ake sayen rediyo mai gajeren zango da ɗan canjin kasuwa ɗaya. Akwatin yana cin batir fiye da tsohon, a ƙauyukan da wutar lantarki baƙuwa ce. Daga baya farashi ya sauko, amma sai aka kulle yawancin tashoshin, sai mai biyan kuɗin wata. Manomin da ya shekara 40 yana jin labaran duniya kyauta da harshensa ba shi da dalilin biya don ya ji kiɗan wata ƙasa ba tare da shuu ba.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi farashi nauyi. An ƙera tsarin ne domin mai sauraron da ke zaune. Eriyar tana son a saita ta a bar ta, ba a kuma kafa tashoshin ƙasa a garuruwanmu da za su cike giɓi idan an shiga inuwa ba. Mai sauraron Hausa kuwa ya bar zama tun ranar da rediyo ya sauka daga bangon Kano. Yana ji yana huɗa, yana ji yana kiwo, yana ji a rumfar mai shayi da bayan a-kori-kura. Aka kawo masa murya mafi tsabta, da sharaɗin ya koma gindi ɗaya kamar 1944.

Yayin da ake wannan, ƙasa ta yi abin da ba a zata ba. Dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi a Nijeriya. Wayar salula ta iso a watan Agusta na 2001. A ƙarshen 2003 Freedom Radio ta fara aiki a Kano, wasu suka biyo ta, zangon FM ya cika da Hausa: siyasar gida, farashin hatsi, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da shirye-shiryen da mai sauraro ke bugo waya ya faɗi ra'ayinsa. Ba da jimawa ba wayoyi masu araha suka zo da rediyon FM a cikinsu, ƙananan akwatuna masu cin memori kuma suka ɗauke wa mai babur nauyin neman waƙa da wa'azi. Igiyar FM tana da tsawon kusan mita 3. Ba ta zuwa nesa kamar gajeren zango, amma ba ruwanta da inuwar mangwaro, kuma tana jure gudu. Tauraro ɗaya mai yi wa nahiya magana ba zai iya sanar da kai ranar da za a fara rabon taki a Gaya ba.

A watan Oktoba na 2008 WorldSpace ta shigar da takardar karyewa a kotun Amurka, da bashin da ya haura dala biliyan 2. Masu biyan kuɗinta a duniya duka ba su kai dubu 200 ba, mafi yawansu kuma a Indiya suke, inda tauraronta na biyu, AsiaStar, ke aiki tun 2000. A 2010 wani sabon kamfani na Samara, Yazmi, ya sayi abin da ya rage a kan dala miliyan 5.5.

Sai dai irin da aka shuka ya tsira a wata gonar. WorldSpace na cikin waɗanda suka fara zuba jari da fasaha a kamfanin da ya zama XM a Amurka, wanda ya fara aiki a watan Satumba na 2001. Abokin hamayyarsa, Sirius, ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Su tun farko mai mota suka nufa, don haka suka kashe dukiya mai yawa wajen yaƙi da inuwa. XM ta harba taurari biyu a wurare dabam-dabam suna aiko saƙo ɗaya, ɗaya yana bayan ɗaya da 'yan sakanni, domin idan mota ta bi ƙarƙashin gada akwatin ya cike giɓin da abin da ya adana. Ta kafa ɗaruruwan tashoshin ƙasa a birane masu maimaita saƙon. Sirius kuwa ta bi wata dabara: taurari uku masu zagaye mai tsawo, waɗanda ke karɓa-karɓa, ta yadda kullum akwai guda can sama a kan Arewacin Amurka.

Ga mota, wannan ya wadatar. Babur ne ya tona asirin abin da ya rage. Rufin mota faffaɗan ƙarfe ne, shi ne wuri mafi tsayi a jikinta, babu abin da ke tsakaninsa da sama, kuma irin wannan ƙaramar eriya tana aiki da kyau ne idan akwai ƙarfe a ƙarƙashinta, kamar yadda madubi a bayan fitila ke ƙara mata haske. Babur ba shi da rufi. Gabansa da akwatunansa roba ne, kuma abu mafi tsayi a kansa shi ne mahayin. A arewacin Amurka taurarin da ke kafe suna bayyana ne can ƙasa-ƙasa ta kudu, digiri 30 zuwa 40 kacal daga doron ƙasa, ga igiyarsu ta fi ta AfriStar gajarta, kusan santimita 13. Idan eriya tana gaba kuma mahayi ya nufi arewa, ƙirjinsa ne ke tsakaninta da tauraron. Idan ya mayar da ita kan akwatin baya ya nufi kudu, bayansa da na wanda ya goya ne suka tare. Idan ya kwanta a kwana, eriyar ta kwanta tare da shi ta kalli wani gefen. Kuma hanyoyin da masu irin wannan tafiya suka fi so, na cikin duwatsu da kurmi, su ne nesa da tashoshin ƙasa na birane. 'Yan sakannin da akwatin ke adanawa sun isa gada; ba su isa kilomita 10 na dogayen bishiyoyi ba. Shi ya sa gyaran da mahaya ke yi har yau ɗaya ne: a ɗaga eriya a kan sanda, a sa mata ɗan faranti na ƙarfe, a nisanta ta da jiki. Kowanne yana rage matsalar, babu mai kashe ta.

Ni dai abin yana ba ni murmushi: wanda sama ta buɗe wa ba shi da kuɗin akwati, wanda ke da kuɗin kuma shi ne inuwar kansa.

Inda tauraron Afirka ya yi amfani na gaske, a tsaye ya yi shi. WorldSpace ta ware wani ɓangare na ƙarfin taurarinta don ilimi da ci gaba. A Nijar, a farkon shekarun 2000, shirin RANET, tare da cibiyar nazarin yanayi ta Afirka da ke Yamai, ACMAD, ya yi amfani da wannan hanya wajen aika bayanan yanayi zuwa ƙananan tashoshin FM na karkara; ta garin Bankilare da ke yammacin ƙasar tana cikin na farko. Akwati ɗaya, eriya ɗaya a kafe, hasken rana yana ba da wuta. Ma'aikacin tasha ya karɓi bayanin daga sama, ya juya shi zuwa harshen mutanen wurin, ya watsa ta FM zuwa akwatunan da ke yawo da makiyaya. Tauraro ya ɗauki doguwar tafiya, tashar gari ta ɗauki ta ƙarshe. Kusan haka manyan tashoshin ƙetare ke yi a yau: shirin Hausa yakan sauko ta tauraro zuwa tashar abokiyar hulɗa a Kano ko Maraɗi, ita kuma ta miƙa shi ga mai babur.

Wannan tsari yana da arha kuma yana magana da harshen gida, amma yana da maƙogwaro, kuma ana iya shaƙe shi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni mutane suka yi babu kira, babu intanet. Rediyo ne ya rage. A Nijar, gwamnatin soja ta dakatar da Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata 3 a Disamba na 2024, abin da ke nufin rufe bakin tashoshin FM da ke miƙa shirye-shiryensu. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, wannan karon da umarni daga Washington kanta. Manyan tashoshin duniya kuma sun daɗe suna rage sa'o'in gajeren zango, suna cewa masu sauraro sun koma waya. Ga mazaunin birni mai data, wannan gaskiya ne. Ga mutumin da ke bayan Ajingi, inda sabis ke zuwa yana tafiya, kowace mita da aka rufe taga ce aka toshe.

Ta wannan fuska Samara bai yi wauta ba. Muryar da ke saukowa kai tsaye daga sama ba ta bi ta ofishin da za a iya aika wa takardar dakatarwa, ba ta kuma dogara da turken waya da za a kashe wa inji. Kuskurensa yana wajen akwatin: tsadarsa, cin batirinsa, da buƙatarsa ta a tsaya cak.

Yanzu sama ta sake buɗewa ta wata ƙofa. Starlink ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka, da taurari masu yawa da ke shawagi kusa da ƙasa, kuma farantinta ma sai an kafa shi inda babu abin da ya tare masa sama. Tun 2022 wasu wayoyin Apple ke iya aika saƙon neman agaji ta tauraro kai tsaye, a ƙasashen da aka buɗe wannan hidima. Umarnin da wayar ke bayarwa kafin ta aika saƙon shi ne mutum ya fita fili, ya nisanci bishiyoyi da gine-gine, ya riƙe ta yana juyawa har ta sami tauraron. Ranar da irin wannan za ta iso hanyar Balan da farashin da mai babur zai iya, zai gangara gefen hanya kamar yadda ya saba, ya kashe inji. Sai dai wannan karon dole ya bar babur a gindin darbejiya, shi ya fito rana.